Lita Uku

Lita uku Abashe ya zuba wa babur ɗinsa,
na ce rubuta, sai ƙarshen wata.
Muka bar Ƙofar Durɓi da sanyin asuba
zuwa Tsamiyar Goje, can bayan Mani,
inda aka ce rufin asibiti ya rufta
wata huɗu da tafin buɗe shi.

Na ga rufin. Na taɓa katakon, gara ta riga ni.
Na zauna bakin tabarmar Lantana
wadda ta haihu a gindin bedi,
ruwa na zuba, ungozoma na riƙe da lema.
Ta ce, rubuta sunana daidai, ɗan nan,
kada ka je ka ce wata mata.

Na rubuta daidai.
Malam Mannir ya datse layi biyu don tsoron lauya.
Rabe ya buga ɗari biyar
a injin nan mai tari kamar tsohon ɗan taba.
Muka sayar da saba'in da ɗaya.
Sauran suna wurin mai ƙosai, suna shan mai.

Kafin la'asar labarin ya shiga waya.
Ya zaga Sabon Layi, ya zaga Rafindadi,
ya je Jidda ya dawo ba biza.
An goge sunana, na Lantana an bar rabi.
A gefensa tallar sabulu,
tallar maganin basir, tallar fili.
Duk idon da ya tsaya a kansa
kwabo ne ya faɗa asusun wani
da bai san ana ruwa a Mani ba.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi,
wannan gardin ko ganga bai kawo ba.

Sai aka ce za a yi doka:
wanda ya yi kiwo a gonar wani
ya biya kuɗin ciyawa.
Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.
Na lissafa lita uku, na lissafa taya,
kuɗin jarrabawar Murja,
har na saya wa Rabe sabon inji a zuci.

Da na kwanta lissafin ya juya mini baya.
Wa zai riƙe ƙwaryar rabo?
Kwamiti.
Wa zai naɗa kwamiti?

An kira mu taro a otal ɗin hanyar Kano,
an raba fom, an raba shinkafa a roba.
A kujera ta uku daga dama
na hango hular wanda ya sa hannu
a kwangilar rufin nan.
Ya yi mini murmushi.
Shi kam bai goge sunana ba.

A shafi na tara akwai wani layi siriri:
za a iya sauke duk labarin da ke ta da hankali.
Da wane mudu ake auna hankali?
Rufin Tsamiyar Goje ma ya ta da na wani.

Kowa ya ci ladan kuturu,
Malam Mannir ya fara, bai ƙarasa ba.
Ya zare biro ya cike fom ɗinsa.
Albashin mutum shida ke wuyansa,
ban ga laifinsa ba.

Ina so a biya, gumina ne,
waɗancan sun daɗe suna lasa ba bisimilla.
Amma kada tuwon ya biyo ta hannun
da aka ɗauke ni in sa wa ido.
Na san baki: in ya cika, gyaɗa kai yake.

Jiya Abashe ya zo kan bashinsa.
Bai zauna ba, ya ce akwai wata gada
da ta tsage a hanyar garin matarsa,
yara na bi ta kai da safe.
Na laluba aljihu ban sami takarda ba
sai fom ɗin, a ninke, ba ko ɗigo.
Na juya bayansa na rubuta sunan garin.
Na ce zuba biyu,
ka haɗa da na baya.