Rana Mai Igiya

Ɗakina a Agege taga ɗaya gare shi,
ita ma bangon maƙwabci take kallo.
Rana kan wuce ta saman kwano
ko sallama ba ta yi mana.

Sai na je Alaba na sayo tawa:
ƙwai dogo, fari fat, mai igiya.
Chibuzo ya rantse da kasuwarsa
wai ko kuka zai tsirar.

Iri kuwa daga Bunkure ya zo,
ƙulle a tsumman zanen Gwaggo Tasalla:
tumatir, tattasai, da 'yar yakuwa.
Gwangwanin madara goma sha biyu na jera
bisa akwati, gefen keken ɗinkina.

Kwana shida suka leƙo.
Har Gambo na kira ya zo ya gani.

Mako biyu, sai ga su zalau-zalau,
wuya kamar zaren da nake zurawa a allura,
duk sun karkace, sai ka ce masu leƙen katanga.
Biyu suka kife. Na ɗaga,
gindin ya tsuke ya yi baƙi
kamar an mintsine shi da farce.
Ganyen tattasai ya koma ruwan ɗorawa.
Wasu ƙwari mitsi-mitsi na tashi daga ƙasar
in na matso da hanci.

Na ce yunwa ce, na ƙara taki,
bakin ganye ya ƙone.
Na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa,
ɗaki ya ɗauki warin kududdufi.
Na zargi masu ɗauke wuta,
na zargi hayaƙin janareton Baba Lasisi,
da rijiyar gidan nan mai ɗanɗanon gishiri.
Har idon Gambo sai da na zarga.

Ranar Laraba na kira Gwaggo.
Layi na yankewa, akuya na kuka a bayanta.
Ta ce, “Tura yatsa a ƙasar. Me ka ji?”
Na ce, “Sanyi da danƙo.”
“Ka huda gindin gwangwanin?”
Na yi shiru.
“Ɗan nan, shuka kake ko kiwon tarwaɗa?
Fitilar taka fa, ina take?”
“Can a rufi.”
“Wanda aka zaunar nesa da akushi
ai dole hannunsa ya yi tsawo.
Sauko da ita, taƙi guda.
Yaushe kake kashewa?”
“In akwai wuta, kwana take.
Da ita nake ɗinki har asuba.”

Ta yi salati mai tsawo.
“Wanda ya yi rana ai ya yi mata faɗuwa.
Shuka ma tana barci.”
Sai muryarta ta sauka:
“Kai fa, yaushe rabonka?”
Nan katina ya ƙare.

Na ɗauko ƙusa da dutse, na huda, na huda,
baƙin ruwa ya tsiyaye kan leda.
Na sassauto igiya har ranata ta durƙusa.
Na barbaɗa toka da yashi a sama,
na tara ruwan sama a bokiti ƙarƙashin kwano,
na juya fanka kaɗan
don su san duniya akwai iska.

Biyar sun tafi, ban ceto su ba.
Yakuwar duk tana ciki.

Bakwai na nan. Jiya ɗaya ya fid da ganye na uku,
mai tsaga-tsaga, mai gashi.
Na murza shi a hankali, na sunsuna yatsa:
fadamarmu ce, da hantsi, bayan ban ruwa.

Yanzu ƙarfe goma nake kashe rana.
Rigar Alhaja ta jira gobe.
Motoci na ta ihu a kan gada,
jirgin ƙasa ya girgiza gwangwanaye ya wuce,
mu takwas muna kwance cikin duhu,
kowa na ƙoƙarin kama ƙasa.