Ɗakin Mama Rifkatu

A waya na ga ɗaki a Unguwar Rimi,
hoto fes, labule fari, taurari biyar a gefe.
Dubu arba'in a kwana.
Ina dannawa sai kuɗin ya haihu:
na shara, na hidima, da wani marar suna.
Na ce Allah ya kyauta, na kife wayar.

Ɗan'asabe na ofis ya ba ni lamba.
Barnawa, bayan gidan mai.
Sai a kira na uku ta ɗauka, tana tari:
"Ɗana, famfon bayi na ɗiga,
janareto kuma sai tara na dare.
In ka iya, zo."
Yaushe manhaja ta taɓa faɗin aibin hajarta?

Sai dai fa murya na tura wa rabin kuɗi,
ba rasit, ba shaida.
Tun Zariya gabana ke faɗuwa
har gadar Kawo.

Makulli na ƙarƙashin tukunyar fure.
Kan tebur kwano a rufe,
faten tsaki ne, da sauran ɗuminsa.

Famfon kuwa ya cika alkawari,
ɗis, ɗis, har asuba.
Na kwanta ina lissafin
taurari nawa ake bai wa gaskiya.