Ba Ta Ba da Wuta

A danjar Gyaɗi-Gyaɗi ta mutu min,
ba tari, ba gargaɗi,
kamar an hure fitilar ƙwai.
Na murza makulli, inji ya juya, ya juya,
kamar mai laluben kalmar da ta ɓace masa a baki.
'Yan adaidaita na ta zuba min hon.
Wani yaro ya taya ni turi yana dariya:
"Yallaɓai, wannan Halar ai ta girme ni."

Ta girme shi kuwa.
Baba ya saye ta shekarar da aka sa ni firamare.

In ta huce sai ta tashi, ka rantse ba ita ba ce,
ta kai ni Tarauni lafiya lau.
Rana na takewa, inji na ɗaukar zafi,
sai ta tsaya inda ta ga dama.

Bakaniken farko ya ce famfon mai ne. Na saya.
Na biyu ya ce filogi. Na sayi huɗu.
Na uku ya sauya koyil, ya karɓi kuɗin aiki,
ya ce saura addu'a.
Albashin wata ya ƙare a ƙarƙashin bonet.

Sabitu rewaya, can bayan Ƙofar Ruwa,
gindin darbejiya, kan benci mai ƙafa uku da bulo,
bai yi min dogon zance ba.
Ya zare wayar filogi, ya kusanta ta da ƙarfe,
ya ce, "Buga." Na buga.
Ko ƙyas.
Ya ce, "Mai yana zuwa, ga warinsa nan. Wuta ce babu."

Ya ɗauko tastarsa, ɗan ƙwan fitila da waya biyu,
ya bi fiyus ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi.
Wuta ta iso koyil. Distiributa ba laifi.
"Kowa na bakin aikinsa," in ji shi,
"mai ba da umarnin ne ya yi shiru."

Ya durƙusa a gefen mai zaman banza,
ya yaye kafet, ya kwance noti huɗu,
ya zaro wani akwatin ƙarfe, bai fi tafi biyu ba.
Ya buɗe, ya miƙo min: "Sansana."
Ƙarni, kamar kifin da ya kwana a tire.
Kwandansa biyu sun kumbura, sun yi amai,
ruwan ya cinye siraran layukan tagulla,
kore-kore, kamar gansakuka a bakin kududdufi.
"Ƙwaƙwalwar ce. Da sanyi tana tunawa,
in ta ji zafi sai ta manta lokacin ba da wuta."

Na yi shiru, don na san wani mai irin wannan.
Da asuba Baba kan kira sunana daidai,
ya tambayi jikokinsa ɗai-ɗai.
Kafin la'asar yana tambayata ɗan gidan wa nake,
yana neman makullin mota, wai zai makara ofis,
ofishin da aka rushe aka gina shaguna.

Sabitu ya ce akwai 'yar Beljiyam a layin 'yan Honda,
dubu arba'in da biyar, in lambar ta dace.
Ko ya gwada dalma, amma ban da alkawari.
Na ce ya gwada.
Ya sa tabarau mai ɗauri da zare,
hayaƙin dalma ya tashi siriri,
ya ɗinke hanyoyin da suka tsinke, ɗaya, biyu, har biyar.
Sai da aka kira magariba ya ɗago.

Muka yi salla, muka dawo.
"Buga."
Tartsatsi ya yi tsalle, shuɗi, ƙas-ƙas-ƙas,
ta girgiza jiki ta tashi.
Muka bar ta tana aiki har fanka ta kama sau biyu.
Ba ta mutu ba.

Na shigo layinmu a hankali.
Baba na kan tabarma a ƙofar gida.
Bai gane ni ba.
Amma ya karkata kunne, ya ɗaga yatsa,
ya ce, "Silonta ya yi sama. A rage."