Gidan Dutse a Bukuru

Kakana Chollom ya sassaƙa duwatsun nan,
sule biyu a mako, in ji Kaka Kangyang.
Baƙin da suka zo haƙar kuza
suka sa murhu cikin bango, bututu ya huda rufi,
wai sanyinmu yana tuna musu gida.

Sun tafi. Kuza ta bi jirgi.
Kududdufin da suka bari yana cin awaki,
wata shekarar har yara.

Yanzu tela ne a falon,
ya toshe murhun da ƙyallaye.
Jiya na shafa kusurwar gabas,
inda guduma ta kuskure ta bar tabo.
Sunan Bature na kan ƙofa, rabi ya goge.
Na kakana babu,
sai tabon nan, daidai babban yatsana.