Mai Sayar da Iska

A ɗakin da nake haya a Ƙofar Marusa
ni kaɗai ne muryar mutum bakwai.
Ƙarfe ɗayan dare, fanka ta tsaya,
ina sa wa 'yan wata duniya Hausa a baki.

Birni ne a bayan wata,
an kife shi da gilashi kamar akushi.
Uban daba ya mallake iska,
yaransa na bin gidaje da mudu,
wanda bai biya ba a toshe masa bututu.
Makashinsa mutum-mutumi ne, ba ya gumi.
Na ara masa muryar kawuna Lawandi,
don shi ma ba ya maimaita magana.

Da na kai inda uban dabar ke cewa,
"Numfashi ba gado ba ne, haya ne,"
na ji daɗin yadda ta zauna a bakina
har na sake ta sau uku.

Sai waya. Lawandi ne daga ƙauye.
Gero ya nuna, in ji shi,
amma mutanen daji sun aiko:
dubu ɗari huɗu
kafin a taɓa zangarniya ɗaya.
Bai maimaita ba.

A allo jirage na ratsa benaye.
Saura minti ashirin jarumi ya fasa rumbun iskar,
na sani, na riga na leƙa ƙarshen.
Na jawo makirfo,
na laluba maƙogwarona ina neman uban daba.
Ya ƙi fitowa.