Shagon da Ba Shi da Ƙofa

Ramatu, kin ce kin gina mini shago
cikin waya, ba bulo, ba kwano.
To, zauna. Shekara talatin ina ɗinkin takalmi a Aboabo,
ji abin da fata ta koya mini.

Hoton nan ya cika nauyi.
Kafin ya buɗe, mai saye ya hau turoturo,
ya kai Kejetiya, ya saya wurin wani.
Rage shi.

Rubuta kuɗin a fili: sidi ɗari da ashirin.
Ɓoye farashi ɗaure kare ne a bakin shago.
Lambata kuma a sama,
ba can ƙasa ba, sai an tona kamar rogo.

Matar nan ta Tafo da ta rubuto cikin dare,
wai maɗauri ya tsinke,
kin ce sai Litinin.
A'a. Ce mata sannu, laifinmu ne,
ta kawo, gyara kyauta.
So take ta ji ko da mutum a ciki.

Ki goge "mafi kyau a duniya" ɗin nan.
Ni ban taɓa wuce Tamale ba.