Minti Goma-Goma

A rufin benen Hajiya Tabawa, a Gwammaja,
na ɗaure kyamara da waya jikin tankin ruwa,
na kifa mata bokitin fenti da na huda wa taga,
don damina ba ta san kayan aro ba.
A ƙasa fili ne, da igiya da turaku,
can baya Dutsen Dala ya kishingiɗa yana kallo.

Mai gini ya ce, "Wata huɗu ne.
Ka mayar min da su minti biyar,
in ga benena yana tsiro kamar gero."
Na ce to. To ba ta da nauyi a baki.

Daren nan na raba shi ina lissafi a bayan rasit.
Daƙiƙa goma-goma? Kati zai ƙoshi ba a gama tushe ba.
Awa-awa? Sai katanga ta riƙa tsallen kwaɗo.
Na tsaya a minti goma:
hoto sittin da shida, daga bakwai zuwa shida,
dubu takwas ba kaɗan in Allah ya kai mu,
ashirin da biyar a daƙiƙa ranar kallo.

Sannan na ƙwace mata ikon zaɓe.
In ka bar kyamara da ra'ayinta,
kowane gajimare sai ya juya mata zuciya,
hoto ya yi ta ƙyafta kamar ƙwan da wuta ba ta isa ba.
Na tsuke ƙofar haske a kan takwas,
na kafe idonta a tulin bulo, na liƙe da salatif,
kada tsattsewa ta gifta ta ɗauke mata hankali.
Launi na bar shi na rana, ko hadari ya haɗo.
Batir na haɗa shi da faifan sola ya yi ta tsotso.

Saura ƙifta.
A jinkirta ta, mutane su koma hayaƙi.
A gaggauta ta, su koma ƙuma, su ɓullo su ɓace.
Mai gini ya ce hayaƙin ya fi kwanciya a ido.

Bayan sati uku na zare kati na duba.
Ga bulo yana hawa bulo, babu hannu.
Rodin Ƙofar Ruwa yana miƙewa da kansa.
Yashi ya zo, yashi ya narke, ba a ga tifa ba.
Sallau birkila, shekara talatin yana riƙe da cokali,
ban samu komai nasa ba sai dishi-dishi.
Mudi da ƙusa ta soke a tafin ƙafa ranar Talata,
ya yi ihu, aka zare, aka ɗaure da tsumma,
duk tsakanin ƙifta da ƙifta.

Mutum ɗaya ne ya fito tangaran:
Baba Ilu maigadi, bisa benci, gindin dalbejiya,
rediyo a kunne.
Shi da Dutsen Dala.
Ashe na'urar nan mai zama kawai take gani.

Ranar zuba kankaren sama na hau da asuba,
ban nemi izinin kowa ba.
Na mai da tazara daƙiƙa biyar, na wasa ƙifta ta yi kaifi,
na zauna ina yi wa batir fifita da kwali.
Sai ga su:
mutum arba'in, kwano a ka, jerin gwano a kan tsani,
Sallau yana nuni da cokali,
Mudi yana ɗingishi bai bar layi ba,
Lantana mai ɗanwake tana bin bashi da murfin tukunya a hannu.

Da aka shafa fenti na haɗa, ya tashi minti tara.
Mai gini ya kalla a waya, cikin mota,
ya ce, "Tsakiyar nan ta yi ja. A rage."
Na ce to.
Na rage masa nasa.

Mai tsawon na tura wa Sallau.
Ya tsayar da shi da yatsan da siminti ya cinye wa zane,
ya matso da shi kusa da hanci,
ya daɗe.
Ya ce, "Kai, ashe haka hular nan ta yage?"